Harajin Maigida Tsakanin Gunduma da Gunduma: Mashi da Maƙwabtanta, Daga Wuri Zuwa Naira



A cikin Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 an jera ayyukan ƙaramar hukuma. Ɗaya daga cikinsu shi ne ƙiyasta darajar gidajen mutane, domin a aza musu harajin da Majalisar Dokokin Jiha ta yanke. Wannan magana tana nan tun a Tsarin Mulkin 1979. Amma da za mu tare magidanta a kasuwar Mashi mu tambaye su nawa aka ƙiyasta gidajensu, ina jin kallon mamaki za su yi mana, alhali kuwa kakanninsu sun san haraji fiye da yadda suka san sunan Razdan. Abin da nake so mu bincika a yau shi ne yadda aka yi ta ƙoƙarin auna dukiyar maigida a wannan yanki, da dalilin da ya sa abin da yake biya ya riƙa bambanta daga wannan gunduma zuwa waccan, da kuma wanda awon yake hannunsa a kowane zamani.

Na zaɓi Mashi ne saboda inda Allah ya ajiye ta. Tana kan hanyar Katsina zuwa Daura, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. A sarauce ƙasar Katsina ce, hakiminta shi ne Iyan Katsina; a siyasance kuwa tana cikin shiyyar Daura, watau mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Katsina ta Arewa. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri ba ya bukatar malami ya gaya masa cewa haraji yana da launi-launi. Surukinsa da ke ƙetaren iyaka zai ba shi labari a ranar kasuwa.

Bari mu fara da kalmar kanta. Haraji ararriyar kalma ce daga Larabci, asalinta kuwa kuɗin da ake aza wa ƙasar noma. Sa'ad da Musulmi suka ci Iraƙi, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi bai raba gonakin ga mayaƙa ba. Ya bar su hannun masu su, ya sa aka auna su, aka aza wa kowane awo abin da zai biya gwargwadon irin amfanin da ake shukawa. Daga baya Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid littafi sukutum a kan wannan mas'ala. To, abin lura shi ne, kalmar da ta shigo mana da ma'anar kuɗin gona, mu a bakinmu ta ƙare da ma'anar kuɗin da ake bin wuyan kowane baligi, ko yana da gona ko ba shi da ita. Tarihin da za mu bi a yau tarihin wannan sauyi ne.

Kafin jihadi sarakunan Hausa suna da hanyoyin tara kuɗi masu yawa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kutumbi, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali daga Fulani. Ya kuma nuna cewa Sarki Kumbari, a tsakanin 1731 da 1743, ya tsananta kuɗin kasuwa har fatake Larabawa suka tashi daga Kano suka koma Katsina. A riƙe wannan misali, domin zai dawo: in aka matsa wa mai dukiya a wannan ƙasa, sai ya ɗaure kayansa ya nufi waccan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa da sunayensu na Hausa, ya lissafa su cikin abubuwan da shari'a ba ta aza wa mutane ba. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma, a cikin Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano, ya bayyana hanyoyin da baitulmali zai samu kuɗi ta halal. Duk da haka, ba a yi shekara 50 da jihadi ba sai ga galibin tsofaffin kuɗaɗen sun dawo, domin daula ba ta tafiya ba dawaki, dawaki kuwa ba sa tafiya ba hatsi.

Shaidarmu a kan haka ita ce Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851. Ya rubuta cewa a ƙasar Katsina kowane maigida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, kimanin dalar azurfa guda ke nan a lokacin, kuma haka ake biya a Kano. A ƙasar Zazzau kuwa ba a ƙirga magidanta, fartanya ake ƙirgawa, kowace ɗaya wuri 500. A Kano har wa yau akwai wuri 700 a kan kowace rijiyar rini a karofi, da 600 a kan kowace bishiyar dabino. Dubi hikimar da ke cikin wannan bambanci. Inda ake ƙirga maigida, mai babban gandu da 'ya'ya da barori shi ya ci riba, domin kuɗinsa ɗaya da na mai ɗaki guda. Inda ake ƙirga fartanya kuwa, kuɗi yana bin yawan hannuwan da ke aiki. Amma duka biyun ba wanda ya dubi ginin gidan. Ba a tambayar soro nawa, ɗaki nawa. Gida a idon mai karɓar kuɗin ƙasa mutane ne da ke ci daga rumbu ɗaya ƙarƙashin mutum ɗaya, kuma har yanzu in Bahaushe ya ce gida, ya fi nufin wannan bisa ga katanga da azara.

A ƙarni na 19 yankin da Mashi take ya zama bakin daga. Sarakunan Haɓe na Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, suna kawo hari. Daura kuma ta rabu uku: Fulani a cikin birni tun daga Malam Isiyaku, zuriyar Sarkin Gwari Abdu kuwa a Zango da Ɓaure, waɗanda daga baya suka shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a littafinsa kan Daura na 1978. Ma'anar wannan ga maigida ita ce, cikin tafiyar kwana ɗaya ko biyu zai iya fita daga hannun mai kai gaisuwa Sakkwato ya shiga hannun mai kai ta Damagaram. Ƙasa tana da yawa, mutane ne ba su da yawa, basarake kuwa ba ya zama basarake sai da talakawa. A ganina wannan shi ne babban linzamin da ke bakin masu karɓa a wancan zamani. Ba na cewa jakadu adalai ne. Jakada yana ci, ubangidansa yana ci, kafin saura ya isa birni. Sai dai yana sane cewa in ya wuce gona da iri zai wayi gari ya tarar da kangaye.

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka shiga Katsina a wannan shekara. A 1906 suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko Sarkin Katsina, a shekarar kuma suka mai da sarautar Daura hannun Haɓe ta hannun Malam Musa. Lugard ya fitar da dokar kuɗin ƙasa a 1904, da wata mai faɗi a 1906. Nufinsa shi ne a narkar da kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da kuɗin shuka da na rafi da na sana'a, su zama abu guda, wanda zai tsaya a wajen kashi ɗaya bisa goma na abin da mutum ke samu a shekara. Aka kawar da jakadu. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace da iyakarta a taswira, kowace da hakimi zaune a cikinta. Aka kafa baitulmali, wanda Razdan Palmer ya fara gwadawa a Katsina kafin ya bazu cikin sauran masarautu wajen 1911. Da farko ana raba abin da aka tara biyu, rabi na Gwamna, rabi na En'e. Daga baya aka ƙara wa manyan En'o'i kaso.

A nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin a wannan lokaci ne aka yi gwajin da ya fi kowane kusa da harajin dukiya na ainihi. Sir Percy Girouard, wanda ya gaji Lugard a 1907, da wasu manyan ma'aikatansa irin su Charles Temple, sun sha daga tafkin wani masani ɗan Amurka mai suna Henry George, wanda yake ganin ƙasa ita kaɗai ta cancanci a aza wa haraji, tun da ba wanda ya halicce ta da hannunsa. Kwamitin da ya zauna a London a 1908 kan filayen Arewa ya bi wannan ra'ayi, dokar 1910 kuma ta sa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a matsayin amana wai don amfanin 'yan ƙasa. Da wannan tunani aka shigo da tsarin taki a Lardin Kano, wanda a lokacin ya haɗa da Katsina da Daura. Malaman taki su ne ke zagaya gona suna ƙirga takunsu, tsawo da faɗi, su fitar da girmanta, su rubuta sunan mai ita. Sa'an nan a aza wa kowace eka kuɗi, a ƙara da ɗan kuɗin gida a kan kowane gida.

A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Mai gona goma zai fi mai gona ɗaya biya, dagaci kuma ba shi da ikon sauƙaƙa wa ɗan'uwansa ya danna wa bare. A gona kuwa sai aka ga wani abu daban. Eka ɗaya ta jigawa mai rairayi, irin ta arewacin Katsina, ba daidai take da eka ɗaya ta fadama ko ta gonar karkara da ke shan taki kowace shekara ba, amma ƙafar malami ba ta san wannan ba. (Ku lura, kalma ɗaya ce a rubuce ga takin ƙafa da takin shanu, manomi kuwa na biyun yake bukata.) Saurar da aka bari ta huta ita ma ana aza mata kuɗi, saboda haka manomi ko dai ya sake ta, ko ya yi ta nomanta har ta gaji. Attajiri mai fatauci da maƙeri da marini, waɗanda arzikinsu ba a gona yake ba, suka sha da sauƙi. Sa'an nan ga malamin takin kansa, mai ɗan albashi, wanda takunsa kan yi tsawo a gonar wanda ya yanka masa kaza, su gajarce a gonar wanda bai yanka ba. Watau ikon da aka ƙwace daga hannun jakada bai ɓace ba, ya koma ƙafar malami ne kurum. Daga shekarun 1920 aka riƙa janye tsarin, sai gundumomin da ke kewaye da birnin Kano ne aka ci gaba da yi wa awon gonaki na sosai.

Abin da ya tabbata a sauran wurare shi ne kuɗin dunƙule. Di'o ya zo rangadi, ya ƙirga mutane da dabbobi da masu sana'a, ya auna amfanin 'yan gonaki, ya yi lissafin abin da ƙauye ke samu, ya yanke masa jimla. Dagaci, ko magaji kamar yadda ake cewa a ƙasar Katsina, shi da masu unguwanni su raba wa magidanta. A ƙa'ida za a raba ne gwargwadon ƙarfin kowa. A aikace, sau da yawa sai a raba jimlar da yawan baligai, kowa ya kawo daidai. Ta wannan hanya ce kuɗin ƙasa ya rikiɗa ya zama kuɗin kai. Daga nan kuma bambancin gundumomi ya samu gindin zama, domin rahoton kowace shekara yana nuna abin da ya faɗa kan baligi a kowace gunduma, kuma adadin ba ɗaya ba ne. Gundumar da ke noman auduga a kudancin Katsina ko gyaɗa kusa da hanyar jirgi ana ɗaukarta mai ƙarfi. Amma akwai dalilan da ba su da alaƙa da arziki: wane Bature ne ya yi ƙiyasin, shekarar damina mai kyau ya zo ko ta fari, yaushe rabon da a sake dubawa. Tsakanin Mashi da ƙauyukan Daura kuwa har baitulmalin ba ɗaya ba ne. Daga 1926 zuwa 1934 ma Razdan ɗinsu ba ɗaya ba ne, domin an mai da Katsina Lardin Zariya, Daura ta zauna a Lardin Kano, sai a 1934 aka haɗa su aka yi Lardin Katsina.

Bambancin adadi shi kaɗai ba zalunci ba ne. Ƙasa ta fi ƙasa albarka, kuma daidai ne mai ƙarfi ya fi ɗauka. Ciwon yana wurare biyu. Na farko, jimlar ba ta lanƙwasawa. Tsohon kuɗin hatsi yana bin damina, in gona ba ta yi ba babu abin aunawa. Sabon kuɗin kuwa sule ne da sisi, ana bukatarsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, saboda haka maigida ya buɗe rumbu ya sayar da abin da zai saya da tsada kafin sabon gero. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, sai ga yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tarar da rumbuna ba ƙarfi. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita, maƙwabciyar Mashi, ya nuna a littafinsa na 1983 yadda haraji ya shiga cikin dalilan da suka raunana talaka a gaban fari. Na biyu, mai biya ba ya ganin lissafin. Bai san jimlar da aka yanke wa garinsa ba, balle ya san ko an ƙirga matattu da waɗanda suka tafi cin rani. Hanyar tsira ta dā kuma ta ƙuntata: an shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa daga 1906 zuwa 1908, kuma wanda ya tsallaka zai tarar da kuɗin kai na Faransa da aikin tilas suna jiransa. Duk da haka an yi ta tsallakawa ta kowane ɓangare, gwargwadon inda wuta ta fi zafi a shekarar.

Sauran labarin sananne ne, ba sai mun ja shi ba. NEPU, tun kafuwarta a 1950, ta mai da haraji da jangali abin kamfe, domin takardar haraji ta zama sandar dukan ɗan adawa. A Oktoba 1979 Alhaji Balarabe Musa a Jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura ke cikinta, da Alhaji Abubakar Rimi a Jihar Kano, suka soke su. Ni ina ganin sun yi daidai, domin kuɗin da ke daidaita attajiri da ɗan ƙodago ba shi da hujja. Ingila ma ta gwada irinsa a 1990, aka yi tarzoma a London, ya taimaka wajen faɗuwar Margaret Thatcher, a 1993 aka koma ga harajin da ke bin darajar gida. Amma a nan, da aka tumɓuke kuɗin kai ba a dasa komai a gurbinsa ba. Gwamnatocin soja bayan 1983 sun dawo da shi da sunan kuɗin raya ƙasa, sai dai ya dawo ba ƙarfi, domin kuɗin man fetur ya riga ya canza lissafi. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kasonsu yake zuwa daga sama, yanzu kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya. Littattafan haraji, waɗanda duk da aibinsu su ne kaɗai jerin sunayen magidanta unguwa-unguwa, aka bar wa gara.

Mu kwatanta da Amurka, inda harajin gida shi ne ƙashin bayan ƙananan hukumomi da makarantunsu. Can ma adadin ya bambanta ƙwarai: a Jihar New Jersey mai gida kan biya wajen kashi 2 cikin 100 na darajar gidansa a shekara, a Hawaii bai kai rabin kashi 1 ba, kuma a cikin jiha guda gunduma tana bambanta da gunduma. Can ma akwai ƙorafi, har mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a a 1978 suka ƙayyade shi a kashi 1. Abin da suke da shi wanda malamin taki bai ba kakanninmu ba shi ne, kundin ƙiyasi a buɗe yake, mutum yana iya duba abin da aka yanke wa maƙwabcinsa, kuma yana da inda zai ɗaukaka ƙara.

Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta tabbatar wa ƙananan hukumomi harajin gidaje, ta bar wa jiha kuɗin hayar fili a birane, bisa ga Dokar Filaye ta 1978. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake ta da maganar tsayuwarsu da ƙafafunsu. Ku ma'aikata da wannan aiki zai faɗo hannunku, ku sani ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina ba za su ɗauki awo guda ba. Harajin gidaje irin na Turawa ana gina shi ne kan kuɗin hayar da gida zai kawo, ko kuɗin da za a saye shi. A birnin Katsina da Funtuwa da Daura akwai gidajen haya da shaguna da gidajen mai da filayen da aka killace ana jiran su yi tsada, duk ana iya yi musu kuɗi. A ƙauyukan Mashi, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da 170,000, galibin gidaje na gado ne, magada da yawa a ciki, ba takardar mallaka, ba a hayarsu, ba a cika sayar da su ba. Wanda ya ce zai yi musu kuɗi ɗaya bayan ɗaya, albashin masu ƙiyasi zai cinye abin da aka tara. Wanda kuma ya gaji ya ce kowane gida ya kawo daidai, ya koma kan kuɗin dunƙulen Di'o. A wasu ƙauyukan yammacin jihar da na Zamfara kuwa, kuɗin da 'yan bindiga suka riƙa aza wa manoma a 'yan shekarun nan kafin su bar su su shiga gona, haraji mutane suke kiransa, kuma a dunƙule ake yanke shi, mai gari ya raba wa magidanta.